Suna a jikin ƙofa: yadda Finland ta canza hanya kan masu kwanan waje

A titin Alppikatu da ke Helsinki, babban birnin Finland, akwai wani tsohon bene mai lamba 25. Tun daga 1936 ƙungiyar agajin nan ta Kiristoci, Salvation Army, take kwanar da mazan da ba su da wurin sa haƙarƙari a cikinsa. Gadaje 250 ne a ciki, mutane da yawa a ɗaki guda, banɗaki na taro, babu wanda ke da ƙofar da zai ce tasa ce. A 2012 aka sake buɗe benen bayan an yi masa gyara ciki da bai. Gadajen nan suka tafi, aka mayar da wurin ƙananan gidaje 81, kowanne da ɗan madafinsa da banɗakinsa da makullinsa. Wanda ya shiga yanzu ɗan haya ne mai takardar yarjejeniya a hannu, kuma ba a tambayarsa ko ya daina shan barasa kafin a miƙa masa makulli.

Mai lissafi zai ce an yi asara, wurin mutum 250 ya koma na 81. To amma ba a rufe gadajen ba sai da aka tanadi inda mutanen za su nufa. A 1985 Helsinki na da gadajen kwana irin waɗannan 2,121. A 2008 sun koma 558. A 2016 saura 52 kacal, duk a cibiya ɗaya ta gaggawa da ke titin Hietaniemenkatu. A tsakanin waɗannan shekaru, gidajen haya da aka ware wa marasa matsuguni, waɗanda mutum ke zaman kansa a ciki, sun tashi daga 65 zuwa 2,433. Gidajen da ke da ma'aikatan tallafi a harabarsu sun tashi daga 127 zuwa 1,309. Duk gadon da aka ɗauke, an kafa ƙofa a madadinsa, har da ƙari.

Mutanen Finland ba haka suka taso ba. Sun daɗe suna kallon mai kwanan waje a matsayin mashayin da ya jawo wa kansa. Suna da dokar hana gararamba tun 1936, wadda ta ba hukuma ikon tsare mutum a gidan aikin tilas don kawai ba shi da wurin zama ko sana'a, kuma ba a soke ta ba sai a 1987. A kakar 1967 sanyi ya kashe maza da dama a Helsinki, abin ya tayar da hankalin jama'a har wasu likitoci da ɗalibai suka kafa ƙungiyar kare haƙƙin irin waɗannan mutane. Abin da birnin ya yi a lokacin shi ne buɗe wani tsohon sito, aka zuba ɗaruruwan maza suna kwana a ciki. A ƙasar da sanyi kan kai maki 20 ƙasa da sifili, rufin kwana yana ceton rai, wannan babu musu. Sai dai da aka fara ƙidaya ta gaskiya a 1987, an tarar da mutum sama da 18,000 ba su da gida. Sito ya hana su daskarewa, amma bai fitar da kowa daga halin da yake ciki ba.

Tsarin da aka bi daga nan, wanda har yau ake bi a birane da dama na Turai da Amurka, ana kiransa tsarin tsani. Matakin farko ɗakin kwana na taro. Idan mutum ya nuna hali, ya rage sha, ya riƙa zuwa asibiti, sai a ɗaga shi zuwa gidan gyaran hali. Idan ya yi watanni a nan ba tare da ya kurɓa ba, sai gidan wucin gadi. Can a ƙololuwa ake ba shi gida na kansa, a matsayin ladan biyayya. A takarda abin ya tsaru. A aikace kuwa, duk wanda ya zame sau ɗaya, ƙasa ake mayar da shi ya faro daga farko. Kuma zamewa ita ce al'adar wannan ciwo: mai fama da shaye-shaye ko taɓin hankali ba ya warkewa a miƙe, sai ya tashi ya faɗi ya sake tashi. Ga shi kuma an ce ya daina sha alhali yana kwana tsakanin mashaya, barcinsa rabi da rabi don tsoron kada a sace masa takalmi, da safe a sallame shi ya yini a titi har dare. Maganin da likita ya rubuta masa ba shi da inda zai ajiye. Wasiƙar asibiti ba ta da adireshin da za ta same shi. Masu ƙaramar matsala, kamar wanda aiki ya kuɓuce masa ko aure ya mutu, su kan haye tsanin, shi ya sa adadin ya sauko zuwa wajen 8,000 a 2008. Waɗanda ciwonsu ya fi tsanani su ne suka maƙale a matakin farko shekara da shekaru, suna zagaye tsakanin titi, ɗakin gaggawa na asibiti, ofishin 'yan sanda da kurkuku.

A 2007 ministan gidaje Jan Vapaavuori, ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau wanda daga baya ya zama magajin garin Helsinki, ya naɗa mutum huɗu su ba shi shawara: shugaban sashen jin daɗin jama'a na birnin Paavo Voutilainen, bishop ɗin Helsinki Eero Huovinen, likita kuma ɗan siyasa Ilkka Taipale, da shugaban gidauniyar gidaje ta Y, Hannu Puttonen. Rahoton da suka miƙa sun sa masa suna "Nimi ovessa", wato suna a jikin ƙofa. Matsayarsu ita ce a juya tsanin: gida shi ne mataki na farko, ba tare da sharaɗin daina sha ko karɓar magani ba, sauran matsalolin a tunkare su bayan mutum ya samu inda zai rufe ƙofa. Dabarar ta yi kama da wadda masanin halayyar ɗan Adam Sam Tsemberis ya fara a Niyok a 1992, amma Finland ce ta fara mayar da ita manufar ƙasa baki ɗaya. Da harshensu suna cewa "Asunto ensin". Da Hausa sai mu ce gida tukuna.

Shirin farko ya gudana daga 2008 zuwa 2011. Gwamnati ta sa hannu a yarjejeniya da manyan birane goma, kowane birni da adadin gidajen da zai samar a rubuce. An ɗibar wa shirin gidaje 1,250, aka ƙare da fiye da 1,500. An kuma fayyace wanda ake nufi: mutumin da ya shekara ba gida, ko ya yi ta shiga yana fita cikin shekaru uku, kuma yana da matsalar lafiya ko ta rayuwa da ke hana shi riƙe gida. Wannan fayyacewa tana da muhimmanci ƙwarai, domin in ba a yi ta ba, ma'aikata kan zaɓi masu sauƙin sha'ani don lissafinsu ya yi kyau, a bar masu wuyar a titi.

Ga yadda abin yake a hannu. Mutum na sa hannu a yarjejeniyar haya irin ta kowa, ƙarƙashin dokar haya ta ƙasa, yawanci marar ranar ƙarewa. Shi ke da alhakin biyan haya. Kuɗin na fitowa daga tallafin haya da hukumar inshorar jama'a, Kela, ke biya, a haɗa da fanshonsa ko tallafin marasa ƙarfi, kuma ana iya tura kuɗin kai tsaye ga mai gida don kada su bi ta hannun da zai salwantar da su. Abin da ke korar sa daga gidan shi ne abin da ke korar kowane ɗan haya: tara bashin haya, ɓarna, ko addabar maƙwabta. Shan barasa a cikin ɗakinsa ba ya cikin jerin. Tallafi kuma tayi ake masa, yana iya cewa ba ya so, kuma gidansa na nan. A ganina wannan raba makulli da magani shi ne ƙashin bayan tsarin. Muddin ma'aikaci na riƙe da ikon korar mutum, mutumin ba zai taɓa gaya masa gaskiyar abin da ya sha jiya ba.

Gidajen iri biyu ne. Akwai waɗanda aka warwatsa cikin unguwanni, ɗaya a wannan bene ɗaya a wancan, ma'aikaci na kai ziyara gwargwadon buƙata. Akwai kuma benaye irin na Alppikatu, inda kowa da gidansa amma akwai ma'aikata a ƙasa dare da rana, da falon taro da wurin cin abinci. Masu bin tsarin Niyok sun soki wannan nau'i na biyu, suka ce tara mutum tamanin masu ciwo iri ɗaya a bene guda sake gina tsohon sito ne da sabon fenti. Sukar na da ƙamshin gaskiya, don mai son daina ƙwaya zai sha wuya idan dillalinta na ƙofa ta uku. Amma akwai dattijon da ya yi shekara ashirin a titi, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu da barasa, wanda in aka ajiye shi shi kaɗai a wata unguwa zai manta tukunya a kan wuta. Irin wannan sai inda akwai ido a kusa.

Duk wannan zance ne kawai in babu gidajen, kuma a nan ne masu kwaikwayon Finland suka fi faɗuwa. Gidauniyar Y, wadda manyan birane da coci da ƙungiyar Red Cross da ƙungiyar ma'aikatan gini suka haɗu suka kafa a 1985, ta yi shekaru tana sayen ƙananan gidaje ɗaya bayan ɗaya a kasuwa. Yau tana da fiye da 18,000, tana cikin manyan masu ba da haya a ƙasar. Hukumar kuɗin gidaje ta gwamnati, ARA, ta riƙa biyan har rabin kuɗin gini ko gyara. Birnin Helsinki kuma shi ke da mallakar yawancin filayen da ke cikinsa, don haka shi ke yanke abin da za a gina, kuma ya daɗe yana cakuɗa gidajen masu ƙaramin ƙarfi da na masu hali a unguwa ɗaya. Wani kaso na kuɗin sayen gidajen daga ribar injinan caca na ƙasa ya fito. Wannan hanya ba tamu ba ce, amma abin lura shi ne tukunya ce da aka keɓe, wadda ba ta jiran kasafin shekara, kamar dai yadda waƙafi yake idan an riƙe shi da amana.

Ranar da aka miƙa makulli aiki ke farawa, kuma watannin farko su ne masu haɗari. Ma'aikatan da suka daɗe a wannan fage sun san alamomin. Mutum ya samu gado amma ya shimfiɗa bargo a ƙasa kusa da ƙofa, takalmi a ƙafa, domin jikinsa bai yarda an daina korar sa ba. Shirun ɗaki ya dame shi, don a titi ko babu komai akwai abokan hira. Sai kaɗaici ya sa ya buɗe wa tsoffin abokai ƙofa, mutum ɗaya ya kwana, gobe uku, kafin wata guda gidan ya zama matattara, mai gidan ya koma ɗan kallo a ɗakinsa, wani lokaci ma shi ne ke barin musu wurin ya koma titi. Maganin wannan sai ma'aikaci ya zauna da shi tun kafin ya tare, su tsara wa zai shiga da wanda za a tsaya da shi a waje, kuma in ta kama a canza makulli. Sai batun takardu. Wasiƙun wuta da na haya da na tsohon bashi sukan taru a bayan ƙofa ba a buɗe ba, saboda tsoro. Ma'aikaci mai hankali yakan zauna su buɗe su tare, ɗaya bayan ɗaya, a kira masu bin bashi a tsara biya kaɗan kaɗan. Bashin haya na wata ɗaya abu ne mai sauƙin gyara, na wata huɗu kuwa ya kama hanyar kotu. Shi ya sa birane suka ɗauki masu ba 'yan haya shawara, waɗanda aikinsu shi ne su buga ƙofa tun a watan farko da haya ta makara. Shirin da ya gudana daga 2016 zuwa 2019 kusan gaba ɗayansa a kan wannan rigakafi ya tsaya, har da tabbatar da cewa mai fitowa daga kurkuku ko asibitin ƙwaƙwalwa ba a sallame shi zuwa titi ba.

Kusan mutum huɗu cikin biyar suna riƙe gidajensu. Na biyar ɗin, in an tashe shi, ba a rufe littafinsa, ana neman wani gidan ko a mayar da shi inda tallafi ya fi ƙarfi.

Maƙwabta ba su karɓi abin da tafi ba. Kusan duk unguwar da aka ce za a buɗe irin wannan bene sai an yi taro mai zafi, ana tsoron allurai a filin wasan yara da faɗuwar darajar gidaje. Ba a yi musu wa'azi ba, aiki aka ƙirƙira mai suna aikin unguwa. Ana ba maƙwabta lambar waya da za su kira a kowane lokaci, kuma in sun kira ana zuwa. Mazauna benen na fita da riguna masu ƙyalli suna tsince shara da kwalabe a tituna da wuraren shaƙatawa na kewaye. Ana gayyatar mutanen unguwa su shigo su ga wurin. Gani ya kori ji. Mutumin da ka saba gani a kwance a tashar jirgin ƙasa, yau ga shi yana gaishe ka da tsintsiya a hannu, dole kallon da kake masa ya sauya. Ra'ayin jama'a a Finland bayan sakamako ya biyo, ba a jira shi ya sauya kafin a fara ba. 'Yan siyasa masu duba aljihu kuma an nuna musu lissafi: wani bincike da aka yi a birnin Tampere ya gano cewa zaunar da mutum ɗaya a irin wannan gida na rage wa hukuma kusan yuro 15,000 a shekara na kuɗin motar asibiti, gadon jinya, 'yan sanda da kotu.

Gida ba ya warkar da shaye-shaye, kuma duk wanda ya tallata shi a haka ya yi wa tsarin illa. Gwaji mafi girma da aka yi shi ne na Kanada daga 2009 zuwa 2013, a birane biyar, da mutum wajen 2,000 da aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A watanni shidan ƙarshe, kashi 62 cikin ɗari na waɗanda aka ba gida kai tsaye suna cikin gida kullum, a ɗaya ɓangaren kashi 31 ne. A batun shaye-shaye kuwa ɓangarorin biyu kusan kunnen doki suka yi. Abin da makulli ke bayarwa shi ne wurin da magani zai iya kama mutum in ya shirya, da kuma mutuncin mutuwa a kan gado in bai shirya ba.

Amurka, inda dabarar ta fara tsiro, ta juya wata hanyar. Ƙidayar Janairun 2024 ta samu mutum sama da 770,000 ba matsuguni, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a shekara guda. Haya ta yi tsada, tantuna sun cika gefen tituna a biranen yammacin ƙasar, haƙurin jama'a ya ƙare. A ranar 28 ga Yunin 2024 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta yanke cewa garin Grants Pass na jihar Oregon na da ikon hukunta mai kwana a fili ko da babu gadon da za a ba shi. Tarar garin a lokacin tana farawa daga dala 295, in an maimaita har ta kai ga ɗaurin kwana 30. Wata guda bayan nan gwamnan Kalifoniya ya ba da umarnin a kwashe sansanonin tantuna, a Yulin 2025 kuma fadar shugaban ƙasa ta umarci a janye goyon bayan tarayya daga tsarin gida tukuna. Abin da shara irin wannan ke haifarwa sananne ne ga duk mai aikin. Motar shara na tafiya da katin shaida da magunguna da waya. Ma'aikacin da ya yi wata shida yana lallashin mutum ya neme shi ya rasa. Tarar da ba a biya ba ta zama sammaci, sammaci ya zama tarihin laifi, mai gida kuma ba ya ba mai tarihin laifi haya. An gudu ba a tsira ba, mutumin ya matsa titi na gaba, ya ƙara nisa da gida.

Wannan hanya ta kora mun san ta. A Fabrairun 2020 gwamnatin Kano ta haramta bara a titi, watanni kaɗan bayan haka jihohin Arewa suka yi ta mayar wa juna almajirai a manyan motoci lokacin korona, a 2024 kuma aka ba mabarata wa'adin barin titunan Abuja. Bara daban, rashin matsuguni daban, kuma yaron da ke da iyaye a ƙauye ba gidan haya yake buƙata ba. Amma mai kwana a tasha, da mai kwana a rumfar kasuwa bayan an tashi, da matar da aka saka ta rasa inda za ta nufa, su tambayar Finland ta shafe su kai tsaye. Ba mu da Kela, kuma a yawancin biranen Najeriya hayar shekara ake nema a dunƙule, ga kuɗin dillali, wanda shi kaɗai ya isa ya tsayar da mai samun na yau da gobe a bakin ƙofa. Abu ɗaya da ba ya cin kuɗi mai yawa shi ne ƙidaya. Finland na ƙirga marasa gida kowace shekara a ranar 15 ga Nuwamba, kuma tana sa har da masu zaman raɓe a wurin dangi da abokai, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na adadin. In da za a ƙirga masu raɓe a zaurukan Kano ko Zariya da wannan ma'auni, da an san girman abin da zumunci ke ɗauke wa hukuma.

A Finland ɗin ma tsugune ba ta ƙare ba. Masu doguwar matsala sun ragu daga kusan 3,600 a 2008 zuwa wajen 1,000 a 2023, jimillar marasa gida waɗanda ke su kaɗai ba tare da iyali ba ta sauko zuwa 3,429. Sai abubuwa biyu suka faru. A farkon 2023 aka cire ayyukan lafiya da jin daɗin jama'a daga hannun ƙananan hukumomi aka miƙa wa sababbin hukumomin yanki 21, in ban da Helsinki da ta riƙe nata. Gidaje suka zauna a hannu ɗaya, ma'aikatan tallafi suka koma wani hannun, alhali haɗuwarsu a teburi guda ce ta sa tsarin ya yi aiki tun farko. Sannan a Afrilun 2024 gwamnatin Firaminista Petteri Orpo ta rage tallafin haya daga kashi 80 zuwa kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake lissafawa. Ga mai albashi wannan ba wani abu ba ne. Ga wanda kuɗinsa ke ƙarewa daidai da ƙarshen wata, gibin 'yan yuro goma goma ne ke taruwa ya zama bashin wata huɗun nan da ke kai mutum kotu. Ƙidayar Nuwamban 2024 ta nuna 3,806, karo na farko da adadin ya hau cikin fiye da shekara goma.